Loma Uku

Ƙyale, ga shinkafa, na dafa ta har ta narke,
ba gishiri, ba magi.
Ƙwai biyu na ɓare, jikata ta cinye gwaiduwa,
farin na murtsuke maka a kai.
Ka shinshina, ka kau da kai
kamar na miƙo maka takardar haraji.

Kai ne fa wanda ya sure kan rago sukutum
ranar sunan ɗan Goggo Dudu,
aka bi ka da muciya har yashin Mayo Kaliyawo.
Shekara goma sha uku kana kwana bakin rijiyar lambuna a Miskin,
ɓarawo bai taɓa ɗaga mini buhu ba.

Likita Yawuba, can cikin Marwa,
ya ɗebi jininka, ya karɓi jaka bakwai,
ya ce ƙoda ce.
Ya ce ƙoda rariya ce, taka ta tsufa,
tana sakin ruwa, tana riƙe dauɗa.
Shi ya sa kake sha kamar raƙumin fatake
ƙishi kuma bai sake ka ba,
shi ya sa zuciya ke tashi tun baki bai kai kwano ba.

Ya lissafa da yatsu:
a rage nama, ban da ƙashi,
ban da busasshen kifi, ban da kilishi.
Wato duk abin da ka zo duniya dominsa.
Albasa kuwa, in ji shi, ko ɓawonta.
Nan dai na yi dariya.
Rabin rayuwata kana gadinta, ba ka taɓa ɗanɗanawa ba.

Da furfurata na koma koyon girki.
Na gane abinci mai ɗumi ya fi kiran hanci,
na gane kwanon da ka yi amai kusa da shi
ya zama abokin gaba, sai na sauya ƙwarya.
Na ɗora ta kan bulo don kada wuya ya sunkuya.
Ƙwayar maganin amai na cusa cikin dankali,
ka lashe dankalin, ka ajiye mini ƙwayata a tabarma
fes, kamar canji.
Romon kaza cokali biyu, da asuba,
kafin rana ta hau kan dutsen Marwa ta kashe sauran sha'awa.

Yanzu ƙwaryar ma ka ƙi.
Sai tafin hannuna.

Hamajoda ya leƙo ta kan zana,
ya daɗe yana kallo, ya ce, kare ne fa.
Na ce na sani.
Zan wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa,
ƙasa ba ta ƙare a Miskin ba, rijiya ma tawa ce.
Da ya tafi sai na ji kunyar zafin muryata,
don bara shi ya ara mini amalanke.

A bangon ɗaki ina zana layi da gawayi.
Litinin biyar.
Talata bango fari.
Laraba na yi kuskure na matsa maka,
ka tashi da ƙyar ka koma gindin darbejiya,
ka ba ni baya har magariba.
Haƙarƙarinka ina ƙirga su daga nan inda nake zaune.

Marigayiya Asta ce ta raɗa maka sunan,
habaici ga masu gulmar bakin famfo.
Kullum in ta kira ka, unguwa ta ji saƙo.
Yau ni nake kira, ni nake ji.
Ƙyale. Ƙyale.
Na san rana na zuwa da zan bi maganar.

Ba yau ba dai.
Yau harshenka ya taɓa tafina, busasshe kamar ganyen masakwa,
ɗaya,
ka huta, ka dubi kaji,
biyu,
na ɗauke numfashi, na yi kamar ina kallon wani wuri,
uku.

Ina gawayin nan yake?